Tun Suna Aji Ake Zaɓen Ma'aikata: Jagora Ga Masu Kamfanoni a Kaduna

Duk wanda ya taɓa riƙe harkar ɗaukar ma'aikata a garin nan ya san kwalin da ke ajiye a ɗakin maigadi. Cike yake da ambulan masu ruwan ƙasa, kowace da takardar neman aiki da kwafin satifiket, wasu sun shekara ba wanda ya buɗe su. Can cikin ofis kuwa mai kamfani na zaune yana kukan cewa yaran yanzu ba su iya komai ba. Na yi shekaru ina kai-komo tsakanin kwalin nan da kukan nan, a wani matsakaicin kamfani mai sayar da abincin kaji da kayan gona, kuma abin da na gano shi ne yara masu ƙwazo suna nan birjik. Mu ne muke fara nemansu a makare. Sai ranar da wani ya ajiye aiki hankali zai tashi, a ɗauki wanda ya fi kusa da hannu, ko wanda wani babba ya aiko da 'yar takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanyar da na ga tana ɓillewa ita ce ka san yaro tun yana ɗalibi, ka gan shi a bakin aiki na tsawon watanni kafin ka ba shi kujera. Tsarin karatun ƙasar nan ma ya tanadar maka ƙofofin yin hakan cikin rahusa, illa iyaka yawancinmu ba ma amfani da su yadda ya kamata.

Mataki na farko: rubuta aikin kafin ka nemi mutum

Ɗauki takarda ka rubuta abin da mutumin zai riƙa yi daga Litinin zuwa Asabar. Sunan muƙami kaɗai, irin su akanta ko jami'in talla, ba ya gaya wa kowa komai. Rubuta shi dalla-dalla: zai shigar da cinikin rana a Excel, ya daidaita shi da bayanan banki da na POS, ya bi bashin dillalai a Kasuwar Gumi da Kawo, ya haɗa rahoto duk ƙarshen wata. Daga wannan jerin ne za ka ware abin da dole ya zo da shi daga makaranta da abin da za ka iya koya masa cikin wata biyu. Za ka kuma gane ko aikin na buƙatar mai digiri tun asali. Sau da yawa na ga ana neman mai digiri da gogewar shekara biyar a aikin da mai difloma zai yi ido rufe. Wanda ya fito makaranta bara, a ina zai samo shekara biyar? Irin wannan sharaɗin masu gaskiya yake kora, ya bar ka da masu ƙarin gishiri.

Akwai ayyukan da doka ta ɗaure su da lasisi, waɗannan ba zaɓinka ba ne. Kantin magani sai da mai rajista da hukumar masu harhaɗa magunguna, sa hannu a zanen injiniya sai mai rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN, malamin makaranta kuma ana son ya mallaki ta hukumar rajistar malamai, TRCN. Ka tantance wannan tun a takardar farko.

Mataki na biyu: san wace makaranta ke fitar da me

Mai kamfani a Kaduna ba shi da uzuri, domin jihohi kaɗan ne a Arewa ke da tarin manyan makarantu irin namu. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka buɗe a 1962, tafiyar kimanin kilomita 80 ce daga cikin gari. A Samaru za ka sami injiniyoyi, masu zanen gini, likitocin dabbobi, masana noma da na kwamfuta, Kongo kuwa an san ta da shari'a da harkokin mulki. Masu harkar gona su tuna cewa jami'ar na da kwalejin noma da kiwon dabbobi a Mando, nan cikin Kaduna, kuma ɗalibanta sun saba da kaji da shanu da hannunsu. Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, da aka kafa a 2004, tana kan titin Tafawa Balewa, tana kuma da reshe a Kafanchan inda ake karatun noma da na muhalli. Yawancin ɗalibanta 'yan gari ne, kuma wannan babban abu ne ga wanda ke son ma'aikacin da zai zauna.

Kaduna Polytechnic ta girmi jami'o'in nan duka, tun 1956 ta faro a matsayin makarantar koyon fasaha. Injiniyanci da kimiyya na Tudun Wada, kasuwanci da akanta na Unguwan Rimi, safiyo da sauran karatun gine-gine na Barnawa. A ra'ayina, ga aikin da ake taɓa ƙarfe ko waya ko littafin lissafi, mai babbar difloma daga nan yakan riga mai digiri kama hannu, domin kafin ya kai babbar diflomar, wato HND, ya riga ya yi shekara guda cur a wurin aiki. Ga foliteknik ta Nuhu Bamalli a Zariya, ga AFIT ta sojan sama a Mando wadda ke ɗaukar fararen hula, ga cibiyar fasahar sufuri da ta fasahar fata duk a Zariya, ga kwalejin ilimi ta Gidan Waya ga masu makarantu.

Kada ka ce za ka rungume su duka. Zaɓi sashe biyu ko uku da suka dace da sana'arka, ka tashi ka je da ƙafarka, don zuwa da kai ya fi aike. Mutum uku kake nema a kowane sashe: shugaban sashen, malamin da ke kula da SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a kamfanoni wanda aka fi sani da IT, da shugaban ƙungiyar ɗaliban sashen, kamar NUESA ta injiniyoyi, NACOS ta 'yan kwamfuta ko NUASA ta 'yan akanta. Tafi da wasiƙa a kan takardar kamfani mai hatimi, a karɓa a buga maka tambarin shaida a kwafinka, saboda a makarantun gwamnati maganar baki ba ta da fayil. Idan aka saba, nemi a ba ka awa guda ka yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin sana'arka. Lemo da ruwa kawai za ka kashe wa kuɗi. Lura da waɗanda suka tsaya bayan an tashi suna yi maka tambaya, ka karɓi lambobinsu.

Abu guda game da lokaci: kalandar jami'o'in gwamnati ba ta tsayawa wuri ɗaya. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma tasirinsu ya daɗe yana jirkita zangon karatu. Don haka kada ka dogara da lissafin bara. Kira malamin SIWES ka tambaye shi watan da ɗalibai za su fito bana.

Mataki na uku: shiga ta ƙofar 'yan IT

Nan ne ribar take, shi ya sa zan ɗan daɗe a kai. SIWES shiri ne da asusun horar da ma'aikata na ITF, mai hedikwata a Jos, ya ƙirƙiro a 1973 domin ɗaliban fannonin kimiyya, fasaha, noma da makamantansu su ɗanɗani aiki kafin su kammala. Ɗalibin jami'a yakan yi wata shida, galibi a shekarar da ke gab da ta ƙarshe. Na foliteknik yakan yi wata huɗu a tsakiyar ƙaramar difloma, sannan ya yi shekara guda bayan ya gama ta kafin ya koma babbar. Kowace shekara ɗaruruwan yaran nan na yawo ofis-ofis da wasiƙar makaranta suna neman inda za a karɓe su, ana ce musu babu gurbi. Kai da ka ce akwai, kai ne mai zaɓe.

Tsarin ba shi da wuya. Ɗalibi zai kawo wasiƙa daga makarantarsa, ka ba shi takardar amincewa, ya cike fom ɗin fara aiki a kai ofishin ITF na Kaduna. Zai zo da littafin da yake rubuta aikin kowace rana, wanda wani ma'aikacinka zai riƙa dubawa yana sa hannu duk mako. Malami daga makaranta zai leƙo aƙalla sau ɗaya, a ƙarshe kuma ka cike fom ɗin ITF mai lamba takwas ka faɗi ra'ayinka a kansa.

Karo na farko da muka karɓi 'yan IT, kunya ce abin da muka yi. Yara huɗu, wata shida, aikinsu sayo abinci da kai takarda wurin fotokwafi. Sai a makon ƙarshe, da kwamfutar sito ta rikice, wata yarinya daga cikinsu ta zauna ta sake tsara mana lissafin kaya gaba ɗaya cikin yini biyu. Ashe duk watannin nan tana zaune a benci tana kallonmu muna fama. Da muka neme ta bayan ta gama makaranta, wani ya riga mu. Daga nan muka sauya salo, ga kuma yadda muke yi:

Muna yi musu 'yar ganawa kafin mu karɓa, ko da ta minti goma ce, maimakon karɓar duk wanda ya fara ƙwanƙwasa ƙofa. Ba ma ɗaukar fiye da yawan ma'aikatan da za su iya kula da su, mutum ɗaya ga ɗalibi ɗaya ko biyu. Wata biyun farko suna zagaya sassa, sito, kanti, lissafi, fita kasuwa. Daga wata na uku kowa yana samun aiki guda nasa na kansa, mai farko da ƙarshe, wanda idan ya lalace za a ji a jiki amma kamfani ba zai durƙushe ba: ƙidayar kayan sito, tattara farashin abokan hamayya, gyara jerin sunayen kwastomomi. Mai kula da shi yana rubuta layi uku a kansa duk Juma'a, yaushe yake zuwa, me ya gama, me ya yi da ya yi kuskure. Wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci a wurina. Yaron da ya zo da kansa ya ce "Oga, na yi ɓarna a lissafin jiya" ya fi mini wanda bai taɓa kuskure a gabana ba.

Ka biya su wani abu. Alawus ɗin da ke zuwa ta hannun ITF ɗan kaɗan ne, kuma yakan iso bayan an daɗe da gamawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ɗalibin da ke tasowa daga Rigasa ko Rigachikun zuwa Kakuri sai ya hau abin hawa biyu ko uku kafin ya iso. Idan ba ka ba shi kuɗin mota da na abincin rana ba, 'ya'yan masu hali kaɗai za su iya zuwa kullum, ka kuma rasa ɗan talakan da ya fi kowa yunwar koyo.

Kafin su tafi, kira ɗaya ko biyun da suka burge ka, ka gaya musu a fili cewa kana son su dawo. Idan da hali, ba shi wata matsalar kamfaninka ya mai da ita aikin bincikensa na kammala karatu, ka taimaka da kuɗin buga takardu. Lokacin hutu ka kira shi aikin wucin gadi. Ta haka igiyar ba ta tsinkewa.

Mataki na huɗu: 'yan bautar ƙasa

A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa NYSC, hukumar bautar ƙasa, kuma a tsarinta duk mai digiri ko babbar difloma da ya kammala kafin ya cika shekara 30 sai ya yi hidimar shekara guda. Wannan yana shafarka ta fuska biyu.

Ta farko, yaron da ka raina a IT galibi wata jiha za a tura shi, don hukumar ba ta cika barin mutum a jiharsa ba. Ka sa wannan a lissafi. Tsakanin kammala jarrabawa da samun takardar kira akan yi watanni ana zaman jira, to a wannan tazarar ka riƙe shi a matsayin mai koyon aiki, da yarjejeniya a rubuce cewa kujerarsa na jiransa idan ya dawo. Matar aure tana da damar neman a mai da ita jihar mijinta, wannan hanya ce da hukumar da kanta ta yarda da ita. Amma kada ka shiga harkar biyan wani a bayan fage don a juya wa yaro jiha.

Ta biyu, kai ma za ka iya karɓar waɗanda aka turo Kaduna. Rubuta wa shugaban NYSC na jiha wasiƙa tun kafin a buɗe sansani, ka faɗi fannin da kake so, mutum nawa, nawa za ka riƙa ba su, da ko akwai masauki. Haɗa da kwafin rajistar kamfaninka ta CAC. An daɗe ana fifita makarantu, asibitoci, noma da ayyukan raya karkara wajen rabon, amma a ƙarshen 2024 gwamnati ta sassauta, ta ba da damar tura su kamfanoni masu zaman kansu. Bayan mako ukun sansani za su zo maka da takardar turawa, ka sa hannu ka karɓa ko ka mayar. Idan ka karɓa, ka sani kwana ɗaya a mako na aikin al'umma ne, ba naka ba ne, kuma duk wata sai ka ba shi takardar shaidar yana zuwa aiki kafin a biya shi alawus. Wasu masu kamfanoni suna mai da wannan takardar sandar duka, wasu kuma suna sa hannu wa wanda ba su taɓa gani ba. Duka biyun ɓata tarbiyyar aiki ne.

Tun a watan farko ka tambayi kofa ɗinka, wato ɗan bautar ƙasar, gaskiya, shin yana da niyyar zama a Kaduna bayan ya gama? Da yawa ranar da suka karɓi satifiket ranar suke hawa mota, ba laifi ba ne, amma gara ka sani kafin ka ɗora masa abin da zai rushe idan ya tafi. Wanda ka ga zai zauna kuma ya yi maka, ka yi masa tayin aiki wata biyu kafin ya kammala. Idan ka bari sai ranar fita, ka makara.

Mataki na biyar: idan dole sai ka yi sanarwa

Wani lokacin gurbi kan buɗe babu ɗan IT ko kofa da ya dace. To sanarwar ta zama gajera kuma cikakkiya: sunan kamfani da unguwar da yake, aikin da za a yi, takardun da ake so, ranar rufewa, da adadin albashi ko aƙalla tsakanin kaza da kaza. Ɓoye albashi ɓata lokacin kowa ne. Ƙara layi ɗaya da manyan baƙaƙe cewa ba a biyan ko sisi don neman wannan aiki, saboda 'yan damfara sun sa yara na tsoron duk wata sanarwa, kuma sukan ari sunan kamfanin kirki su karɓi kuɗin fom.

Fara turawa ga malaman da ka saba da su, su jefa a zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, nan ne labari ya fi gudu. Sa a Facebook, sa a LinkedIn da Jobberman idan aikin ofis ne. Ga aikin da ke buƙatar mutane da yawa, sanarwar rediyo har yanzu tana aiki a garin nan. Masu neman 'yan kwamfuta su leƙa cibiyoyin matasa irin su CoLab a Barnawa, su kuma tambayi waɗanda suka fito daga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya mai koya wa matasa fasahar kwamfuta.

Akwai abin da ba mu cika son faɗa ba. Tun bayan rikicin shekarar 2000 zaman garin nan ya rabu, kogi ya zama kamar iyaka. Idan sanarwarka ta tsaya a wayarka da ta abokanka, rabin gari kawai za ta zagaya, ko na Kawo da Tudun Wada, ko na Sabon Tasha da Narayi. Kwastomominka kuwa suna ɓangarorin biyu. Ka tabbatar da gangan ta haye gada, ta kai ga ƙungiyoyin ɗalibai na Musulmi da na Kirista, ta kai ga mata, ta kai ga masu buƙata ta musamman. Karɓi takardun ta imel ko fom na intanet don su taru wuri guda, waɗanda aka kawo da hannu kuma a adana su ko a ƙone, kada takardar ɗan mutane mai hotonsa da lambar wayarsa ta ƙare a hannun mai ƙosai.

Mataki na shida: gwada su da aikin kansa

Darajar digiri tana nuna wani abu, amma ba ta nuna komai da komai ba. Wanda ya fita da daraja ta biyu ta ƙasa alhali yana ɗinki ko gyaran waya yana biya wa kansa kuɗin makaranta, ni ina son ganinsa. Yanzu kuma da ChatGPT ke rubuta wa kowa CV, duk takardun sun zama masu sheƙi iri ɗaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ware mutum goma zuwa goma sha biyar, ka kira su rana ɗaya, ka ba su aikin awa ɗaya ko biyu daga cikin jerin da ka rubuta a matakin farko. Mai neman akanta a ba shi cinikin mako guda da aka cusa kurakurai uku a ciki, a ga nawa zai tsinto. Mai neman talla a ba shi kuɗin mota ya shiga kasuwa ya dawo da farashin masu sayar da irin kayanka biyar, da abin da 'yan kasuwa ke faɗi a kansu. Injiniya a kai shi gaban injin da ya ƙi tashi, ba lallai ya gyara ba, a dai ji ta ina zai fara. Kowa ya rubuta gajeriyar wasiƙa da Turanci a gabanka, sannan ya yi wa wani bayanin kayanka da baki kamar yana magana da manomi daga Giwa ko Kachia. A kasuwar Kaduna harsunan biyu duk jari ne.

Waɗanda suka haye su ne za su zauna intabiyu. Ku zama mutum biyu ko uku, har da wanda zai zama shugabansa kai tsaye, ku yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowa ya rubuta makinsa kafin ku tattauna. Tambayi abin da ya riga ya faru: me ka yi a IT, wane aiki ne ya taɓa lalace maka, yaya ka yi? Wanda ya sayi furojet ɗinsa, wato aikin binciken kammala karatu, tambaya biyu a kan babi na uku ta isa ta tona shi. Kada ku tsare yarinya da tambayar yaushe za ta yi aure, ku tambaye ta aikin. Kuma ku kiyaye lokaci, wanda aka ce ya zo ƙarfe tara kada ya kai la'asar a benci.

Sai maganar alfarma, wadda ba mai kamfanin da ya tsira daga gare ta. Kawu zai kira, mai unguwa zai aiko, babban kwastoma zai ce ga ɗan ƙanwarsa. Ba sai ka yi rashin kunya ba. Amsata guda ce: "Ranka ya daɗe, ka turo shi ranar Asabar ya zauna gwajin tare da sauran. Idan ya ci, ni da kaina zan kira ka in yi maka albishir." Wasu sukan ci, ka ga an huta. Wanda ya faɗi kuma, ga takardarsa a hannunka da za ka nuna cikin ladabi.

Waɗanda ba su samu ba, tura musu saƙo ko na layi biyu ne. Na biyu da na uku a jerin ka ajiye lambobinsu, wata shida masu zuwa za ka iya buƙatarsu.

Mataki na bakwai: tantance takardu

Dokar NYSC ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin neman shaidar kammala hidima ko ta yafewa kafin ya ɗauki mai digiri aikin dindindin. Ga na asali da idonka, ka riƙe kwafi, ka mayar masa da nasa. Riƙe satifiket ɗin ma'aikaci a matsayin jingina mugunyar al'ada ce, kuma ba ta hana mai tafiya tafiya. Makarantu kan yi jinkirin fitar da satifiket, don haka takardar sakamako ta wucin gadi ta wadatar, sai ka rubuta wa ofishin magatakardar makarantar ya tabbatar maka. Kira malamin da ya duba aikin bincikensa da wanda ya kula da shi a IT. Idan aikin na taɓa kuɗi ne, nemi masu tsaya masa biyu, a je a ga gidajensu.

Mataki na takwas: albashi da takardar ɗauka

Ga lissafin da yawancinmu ba ma yi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma Naira 70,000 a watan Yulin 2024, gwamnatin Kaduna ta sa wa ma'aikatanta 72,000, alawus ɗin ɗan bautar ƙasa kuma ya tashi daga 33,000 zuwa 77,000. Ma'ana yaron da ya gama hidima jiya ya saba jin 77,000 na shiga asusunsa, ban da abin da wurin aikinsa ke ƙara masa. Idan ka yi masa tayin 50,000, rage masa albashi ka yi. Zai iya karɓa saboda babu, amma daga ranar idonsa na kan hanya. Gaskiya ne dokar ba ta tilasta wa mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, sai dai kasuwa ba ta duba wannan sassaucin. Idan ƙarfinka bai kai ba, cike giɓin da abin da yaro zai gani a ƙasa: kuɗin mota, abincin rana, kamasho a kan ciniki, biya masa kuɗin jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ANAN, da alkawarin ƙari a rubuce bayan wata shida.

Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Ni na fi son ya karɓa tun kafin ranar farko. A ciki a faɗi aikinsa, albashi da ranar biya, lokutan aiki, hutu, tsawon lokacin gwaji, da wa'adin sanarwa idan ɗayanku zai raba gari. Kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya shiga tsarin fansho na dokar 2014, inda kai za ka zuba kashi 10 cikin ɗari, shi kuma 8. Akwai kashi 1 na NSITF don diyyar rauni a wurin aiki, harajin albashi kuma ana kai shi KADIRS, hukumar haraji ta jiha. Yaran yanzu suna tambayar waɗannan abubuwan, kuma wanda ya tambaya alama ce yana tunanin daɗewa.

Mataki na tara: wata ukun farko

Ranar da zai fara, a ce teburinsa da kayan aikinsa suna nan, an kuma san wanda zai riƙe hannunsa. Tsofaffin ma'aikata sukan ji haushin sabon mai digiri, musamman waɗanda suka koyi aikin da hannu ba su yi boko mai zurfi ba, shi ma yakan shigo da jin kai. Haɗa shi da dattijon da ya fi kowa sanin aikin, ka gaya wa yaron a gaban dattijon cewa Baba ne malaminsa na wata uku. Zauna da shi a ƙarshen wata na farko, na biyu da na uku, ka faɗa masa inda ya yi kyau da inda ya gaza, da misali. Idan lokacin gwaji ya cika, ba shi takardar tabbatarwa ko ka sallame shi cikin mutunci, kada ka bar shi yana lilo shekara guda.

Wasu za su tafi duk da haka. Jirgin ƙasa daga Rigasa ya mai da Abuja maƙwabciya tun 2016, bankuna da ƙungiyoyin agaji kuma suna biyan abin da ba za ka iya ba. Idan ya zo da takardar ajiye aiki, karɓa da fara'a, ka roƙi wata guda, ka zaunar da ɗan IT ɗin da ka fi yarda da shi kusa da shi ya kwashi aikin kafin ya fita. Sannan ka tambaye shi ko a cikin 'yan ajinsu akwai wanda zai iya riƙe kujerar.